Kwalbar Kirsimati: Araha Ba Ta Ado

Hunturu ya sauka, 'yan'uwa. Duk wanda ya fito da sassafe a Birnin Kebbi ko a Argungu ya ga hazo ya lulluɓe fadama, ya ga manoma sun duƙufa wajen yankan shinkafa. Teloli sun yi ban kwana da barci, 'yan zumuntar mata sun fitar da ankonsu, mawaƙa kuma kowace yamma suna majami'a suna gyaran murya. A irin wannan lokaci ne wani matashi daga cikinmu, ma'aikacin gwamnati wanda bai cika shekara biyu da aure ba, ya tsayar da mu bayan sujadar Lahadi ya ce, "Baba, ina da tambaya, amma ba ta cikin majami'a ba ce." Sai da muka koma gindin dogon yaro, nesa da kunnen jama'a, sannan ya buɗe baki. Surukinsa ne, tsohon soja mai ritaya, zai zo musu bikin Kirsimati tare da abokansa biyu, kuma mutum ne da aka san shi da son barandi. Shi kuwa yaron ba ya sha, bai ma san ƙamshin abin ba. Amma wani ya yi masa alkawarin zai kawo masa kwalbar Konyak, irin mai babban sunan nan ta Faransa, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na farashinta ba. Ya ce, "To Baba, in saya?"

Da muka gaya wa waɗansu dattawa cewa za mu yi rubutu a kan wannan tambaya, sai suka ce a'a, shafin ikilisiya ba wurin zancen barasa ba ne. Mun ji maganarsu, mun kuma san inda ta fito. Amma shirunmu bai taɓa hana kowa saye ba. Abin da shirun yake yi shi ne ya bar yaranmu su je su yi ciniki a cikin duhu, ba su da wanda za su tambaya sai shi mai sayarwar. Gara mu faɗi abin a fili, wanda zai yi fushi ya yi.

Kowa ya san ikilisiyoyinmu ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan batu. Irin su ECWA da UMCA da Baptis suna koya wa mambobinsu su ƙaurace wa barasa gaba ɗaya. 'Yan'uwanmu na Katolika da waɗansunsu ba su hana ɗan kaɗan ba. Abin da babu ikilisiyar da ta yarda da shi shi ne buguwa. Mu a namu ra'ayin, wanda bai taɓa sha ba kada ya fara saboda baƙo, wanda kuma ya tsaya a gaban jama'a ya yi alkawarin ba zai taɓa ba, to, alkawarinsa ya riga ya amsa masa tambayar, babu sauran shawara. Amma akwai gidajen da kwalba za ta shiga a wannan wata ko mun yarda ko ba mu yarda ba, kuma mutanen gidajen nan namu ne. Saboda su muke wannan magana.

Bari mu fara da sanin abin da ake cinikinsa, domin da yawa daga masu ambaton sunan ba su san ma'anarsa ba. Barandi ruwan inabi ne da aka dafa a tukunya, aka tare tururinsa, aka sanyaya shi ya koma ruwa mai ƙarfi ƙwarai. Sunan ma daga bakin mutanen Holan ya fito, ma'anarsa ƙonannen ruwan inabi. Ana yin sa a ƙasashe da dama. Konyak kuwa, wanda a jikin kwalba ake rubuta shi Cognac, sunan wani ɗan gari ne a yammacin Faransa, a bakin kogin Charente. Tun 1909 dokar ƙasarsu ta shata iyakar yankin, ta ce babu barandin da za a kira da wannan suna sai wanda aka yi a cikinta. Dole a dafa shi sau biyu a tukunyar jan ƙarfe, dole kuma a gama dahuwar kafin ƙarshen watan Maris na bayan girbi. Wajen lita 9 na ruwan inabi ake ƙonawa kafin a sami lita guda. Daga nan sai a zuba shi a gangunan itacen oak, itacen nan da muke cin karo da sunansa a Tsohon Alkawari, a kulle shi a ɗaki mai duhu. Haruffan da kuke gani a kwalba shekarun wannan zama suke nunawa. VS na nufin mafi ƙuruciyar abin da ke ciki ya yi aƙalla shekara 2 a ganga, VSOP shekara 4, XO kuwa tun 2018 shekara 10 ne. Kowace shekara kuma wajen kashi 2 ko 3 cikin 100 na abin da ke gangar yana bin iska ya tafi, mai shi yana ji yana gani. Da zarar an ɗura shi a kwalba kuwa shekarunsa sun tsaya, saboda haka masu ajiye kwalba a kabad shekara biyar wai tana ƙara daraja, ƙura kawai take tarawa.

To, ku yi lissafi da kanku. Gona, da girbi, da wuta, da ganga, da shekarun jira, da abin da iska ta kwashe, duk sai an biya su. Gidajen da ke wannan sana'a tsofaffi ne, Martell tun 1715, Rémy Martin tun 1724, Hennessy tun 1765, kuma ba sadaka ce ta raya su har yau ba. A Faransa kanta, inda babu kuɗin jirgi babu na kwastan, kwalbar VS ta irin waɗannan gidaje tana kai wa Yuro 30 ko fiye. A 2024 da 2025 Yuro guda ya haura naira 1,500. Ke nan a waɗannan shekaru ko a kantin ƙasarsu kwalbar ta kai naira 45,000, alhali mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Sai a ɗora kuɗin jirgin ruwa zuwa Legas, da harajin shigowa, da ribar babban dila, da kuɗin motar da za ta hauro da ita har Kebbi, da ribar wanda zai miƙa maka. Yanzu wani ya zo ya ce zai ba ka ita a kan dubu goma sha biyu. Wane ne ya yafe sauran? Bature ne, ko direba, ko kwastan? Hausawa sun ce araha ba ta ado, mu kuwa a nan sai mu ce Konyak mai araha babu shi a duniya. Akwai dai kwalbar Konyak mai araha, abin da ke cikinta kuma Allah kaɗai ya sani, sai wanda ya ɗura.

Mun ce Allah kaɗai ya sani, amma hukuma ta ɗan leƙa ta gano mana. A watan Disamba na 2023, ana dab da Kirsimati, jami'an NAFDAC suka kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba, suka rufe shaguna fiye da 240 waɗanda aka mayar wuraren haɗa jabun kayan sha. Tsofaffin kwalabe ake tarawa, a ɗauraye su sama-sama, a zuba ruwan barasa zalla da aka rina da ƙonannen sukari, a manna sabuwar takarda, a ɗora murfi. Ba a zaɓi watan Disamba a banza ba, domin a watan ne mutanen da ba su saba saye ba suke fitowa kasuwa da kuɗi a hannu da kunya a ido.

In da abin ya tsaya ga an cuce ka a kuɗi, da da sauƙi. Akwai wani dafi da ake kira mitanol, ɗan'uwan barasa ne na jini, kamarsu ɗaya, ƙamshinsu ɗaya, ba harshen da zai bambance su a cikin kofi. Ana amfani da shi a masana'antu, ya kuma fi barasar sha araha, shi ya sa marasa tsoron Allah suke ƙara auki da shi. Abin da bai kai cokalin cin abinci ɗaya ba yana iya makantar da mutum har abada, cokali biyu ko uku na iya kai shi kabari. Muguntarsa ita ce ba ya nuna kansa nan take. Mutum zai sha da yamma ya yi hira ya kwanta lafiya, sai bayan sa'a 12 ko 24 ciwon kai da amai da ciwon ciki su taso, ya fara ganin hazo-hazo kamar hunturu ya shiga idonsa. A watan Afrilu na 2015 mutanen Ode-Irele a Jihar Ondo sun wayi gari samari suna makancewa suna mutuwa, har aka fara cewa fushin gunki ne, kafin likitoci su gano ogogoro ce mai mitanol. Aƙalla mutum 18 suka tafi. Bayan wata biyu, a watan Yuni, irin wannan ta kashe fiye da mutum 60 a Jihar Ribas. Waɗancan ogogoro suka sha, sun kuma san ita suka saya. Wanda ya sayi jabun Konyak yana iya shan abu iri ɗaya, sai dai shi ya biya kuɗin takardar zinariya a kai. In har wani ya sha abu a gidanku ya wayi gari yana cewa ba ya gani sosai, kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada a ce bari mu ga yamma. A kai shi asibiti a lokacin, a tafi da kwalbar a nuna wa likita.

Me ya sa muke ganin hatsarin ya fi yawa a nan wajenmu? Domin a ƙasar nan barasar Turawa ba ta taɓa zama hajar da ake bajewa a rana ba. Tun taron Brussels na 1890 ƙasashen Turai suka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, Lugard kuma ya ɗora wannan doka a kan Arewa, ya zamana sai baƙi masu lasisi a unguwannin da aka keɓe. A wannan batu sarakunan Musulunci da masu mishan bakinsu ya zo ɗaya. Kakanninmu na ƙasar Zuru da Yawuri burkutu suka sani, ta dawa, wadda ake dafawa a gida kowa yana kallo, masu bishara na farko ma da ita suka yi ta fama. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina, kowa da al'adarsa. Sannan a watan Disamba na 2000, zamanin Gwamna Adamu Aliero, jihar ta bi sahun Zamfara ta kafa shari'ar Musulunci. Kotunan shari'a na Musulmi ne, amma ƙuntata cinikin barasa a cikin gari ya shafi kowa.

Ba mu kawo wannan tarihi don mu yi ƙorafi ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne yadda cinikin ya koma. Mutumin Legas ko Jos zai shiga babban kanti da rana tsaka, ya ɗaga kwalba ya duba ta a haske, ya karɓi rasit, in ya ga ba daidai ba ya komo gobe. Mutumin Argungu kuwa saƙo yake bayarwa. Ya ba direba, direba ya ba yaron shago a wani gari, ko kuwa a ce masa ai wannan ta Kwatano ce, ta Gaya ta biyo ta shigo ta Kamba, shi ya sa ta yi sauƙi. A kawo masa ita da dare a cikin baƙar leda, ya karɓa yana waige-waige, ya tura ƙarƙashin gado. Wa zai kai wa ƙara in ta zama jabu? Dattawan ikilisiya, ko 'yan Hisba? Mai sayarwar ya san ba ka da bakin magana, kuma da wannan sanin yake yanka maka farashi. Kalmar nan "ta Kwatano ce" ta daɗe tana rufe bakin masu tambaya a kan shadda da shinkafa da mota, amma bin ta kan iyaka ba ya mayar da ruwan rini ya zama ruwan inabi.

Saboda haka ga amsarmu ga wanda ikilisiyarsa ba ta hana shi ba, lamirinsa bai hana shi ba, ya kuma ƙudura sai ya ajiye wa baƙonsa wani abu. Ka cire Konyak daga ranka, tun da aljihunka bai kai ba, kuma ba abin kunya ba ne. Ka nemi barandi wanda bai yi ƙaryar asali ba. Akwai na Faransa da ba na yankin Konyak ba, irin su St-Rémy. Akwai na Spain, na yankin Jerez. Akwai na Afirka ta Kudu, irin su KWV da Klipdrift, inda doka ta ce wanda aka dafa a tukunya sai ya yi shekara 3 a ganga. Waɗannan duk daga inabi suke, farashinsu kuma ƙasa yake da na Konyak nesa ba kusa ba, ga shi ɓarayi sun fi kwaɗayin kwaikwayon mai tsada domin a nan ribar take. Ka sani kuma haruffan VSOP ko sunan Napoleon a jikin barandin da ba Konyak ba, dokar Konyak ba ta hau kansu ba, kada su ruɗe ka. Can ƙasa kuma akwai masu arahar gaske, waɗanda yawancinsu ruwan barasar rake ne da aka sa wa launi da ƙamshi. In kamfanin da hukuma ta sani ne ya yi su, to aƙalla ba dafi ba ne, amma kada ka ɗora su a tebur kana cewa daga Turai suke.

Ka saya da kanka, a inda doka ta yarda a sayar, a babban kanti mai suna da adireshi wanda zai ba ka rasit, ko da sai ka jira tafiyar da za ta kai ka wani gari. Ka duba lambar NAFDAC, ko da yake masu jabu ma sun iya buga lamba. Ka duba murfi ko an taɓa murɗa shi, ka duba rubutu ko akwai harafin da ya karkace, ka ɗaga kwalbar a haske ko akwai gari-gari a ƙasa, ka jera ta da 'yan'uwanta ka ga ko cikarsu ɗaya. In ba ka da halin yin wannan duka, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. 'Yan ledoji da ƙananan kwalaben nan kuwa da ake sayarwa a tasha, waɗanda NAFDAC ta ba da sanarwar hana su a watan Fabrairu na 2024 aka yi ta ja-in-ja da kamfanoni, kada ma su kusanci gidan da ke da yara, domin aljihun ɗan makaranta aka auna aka yi su. In kuma an shanye kwalba, a fasa ta. Kada a sayar wa masu yawon sayen kwalabe, kada a jefar da ita da murfinta da kwalinta. Kwalbar da ka jefar lafiya lau a Janairu ita ce za ta komo hannun ɗan'uwanka a Disamba, cike da abin da ba ka sani ba.

Akwai kuma abin da mutanenmu da suka saba da burkutu ko giyar kwalba ba su cika ganewa ba, wato ƙarfin abin. Barandi kashi 40 cikin 100 barasa ce zalla, giyar kwalba kuwa wajen kashi 5. In ka lissafa, kwalbar barandi guda ta santilita 70 daidai take da manyan kwalaben giya 9. Mutum uku su zauna su ga bayanta a zama ɗaya, kowannensu ya sha kwalba uku ke nan, kuma a cikin ɗan lokacin da ba zai isa a sha ta ɗaya ba. Masu ita ɗan kurɓi suke zubawa a gindin kofi bayan an ci abinci. Mu kuwa mun taɓa ganin an cika tambulan har baki an miƙa wa baƙo, wai kada a ce an yi masa rowa. Sai kuma tsohon zancen nan na cewa yana maganin sanyin hunturu da mura. Ɗumin da mutum yake ji na yaudara ne, jini ne ya taso fata, zafin jiki kuma ta nan yake ficewa, har mai gadi ko mai babur da ya sha don sanyi ya fi wanda bai sha ba hatsarin sandarewa. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai ciwon hanta, da mai ciki, da mai shan magani, duk ba nasu ba ne. Kuma kowa ya san yadda hanyar Jega zuwa Koko da Yawuri take a makon Kirsimati, da wadda ta ratse zuwa Dabai da Zuru, motoci cike da iyalai masu zuwa gida, ga hazo, ga tireloli. Wanda ya zuba wa baƙo alhali ya san makullin mota na aljihunsa, in wani abu ya faru yana da kaso a ciki.

Amma mu koma gindin dogon yaron nan, domin har yanzu ba mu taɓa ainihin ciwon ba. Yaron nan ba ƙishirwa ce ta kawo shi wurinmu ba. Tsoro ne, kada surukinsa ya dubi teburinsa ya ce 'yarsa ta auri wanda bai iya karɓar baƙi ba. Wannan tsoro mun san shi, dukanmu mun taɓa jin sa. Shi ne yake sa a ci bashin kaji goma alhali huɗu sun isa, shi ne yake sa a karɓi albashin Disamba da wuri a cinye shi kafin ranar 26, sannan Janairu ta zo da tsawonta, ga kuɗin makaranta, ga na haya, a fara bin ma'ajin ikilisiya ana neman rance. Masu jabu wannan tsoron suke sayar wa kaya. Sun san ba ɗanɗano kake nema ba, so kake a ga sunan a kan tebur. Abin dariyar kuma shi ne, in baƙon naka masanin abin ne da gaske, kurɓin farko zai gane an yi maka sakiyar da ba ruwa, ya yi shiru don kada ya kunyata ka, ya koma gida yana ba da labari. In kuwa bai sani ba, to don wa ka kashe kuɗin?

Za a ce mana, ai girmama baƙo wajibi ne, kuma a al'adar waɗansu 'yan'uwanmu, musamman na Kudu da muke sujada tare, ba a karɓar suruki ko a yi maganar aure ba tare da kwalba ba. Gaskiya ne, ba mu kuwa raina al'adar kowa ba. Wanda al'ada ta ɗora wa wannan, ya bi hanyar da muka faɗa a sama, ya sayi na gaskiya daidai ƙarfinsa, ya miƙa shi da sunansa na gaskiya. Amma mun ga iyalai da dama, na Kudu da na Arewa, da suka zauna da surukansu suka ce mu gidanmu ba ma ajiye wannan, ga abin da muke da shi, kuma aure bai mutu ba. Sau da yawa mu ne muke ɗora wa baƙo buƙatar da bai zo da ita ba.

Kuma wai me muka rasa da za mu karɓi baƙo da shi? Mutumin da ya taso daga Kaduna ko Abuja, kwalbar Faransa ba baƙuwarsa ba ce, yana ganinta a kanti kullum. Abin da ba ya samu shi ne sabuwar shinkafar fadamar Rima wadda ba ta yi wata guda da barin gona ba, shinkafar da ta sa aka zo har Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na ƙasa baki ɗaya. Ba ya samun kifin Argungu, garin da tun 1934 ake taruwa daga ko'ina don kallon masunta a Matan Fada. Ka sa a yi masa farfesun giwan ruwa ko na tarwaɗa mai yaji, ka kawo zoɓo mai citta da kanumfari wanda ya kwana a randa, ko kunun aya mai dabino, ka ga ko zai tambayi wani abu. Wannan shi ne abin da zai je gida yana faɗi.

Kada mu manta kuma da maƙwabta. A garuruwan nan namu ranar Kirsimati yaranmu ne suke zagaya unguwa da kwanonin shinkafa da miya, kamar yadda ranar Babbar Salla nama yake shigo mana ta kowace ƙofa. Wannan zumunci ba a rana ɗaya aka gina shi ba, an kuma sha gwada shi a shekarun nan. Maƙwabcinka Musulmi yana karɓar kwanonka ne domin ya amince da gidanka da tukunyarka. Ranar da ya ji hayaniyar bugaggu ta katanga, ko ya ga an fito da wani ana riƙe da shi, ba zai ce wane ya yi ba, cewa zai yi haka Kirista suke bikinsu. Mun san ba adalci ba ne a shafa wa jama'a duka laifin mutum ɗaya, amma haka zaman marasa rinjaye yake a ko'ina, kuma shekara mai zuwa kwanon matarka ne za a mayar da shi ba a buɗe ba.

Abin da muka gaya wa yaron a ranar bai kai wannan tsawo ba. Cewa muka yi, "Ɗana, kada ka karɓi kwalbar nan ko kyauta aka ba ka. Je ka ka yi shawara da matarka, ita ta fi ka sanin ubanta." Lahadin da ta wuce ya sake tare mu, wannan karon a bakin ƙofar majami'a, yana dariya. Ashe da matar ta kira mahaifiyarta, sai tsohuwar ta ce, "Ke, ku rufa mini asiri! Tun bara likita ya hana Babanku saboda hawan jini, da ƙyar na raba shi da ita, kada ku kuskura ya gan ta a gidanku." Ya ce ya riga ya ba wani masunci a Argungu kafin alƙalami na kifi, ya kuma biya rabin kuɗin makarantar ƙanensa tun yanzu. Mai kwalbar dai bai haƙura ba. Ya kira shi sau uku a makon nan, na ƙarshen ya ce saboda mutunci ya rage masa naira dubu biyu.